Yadda na samu izinin tura samfurin Lassa ta jirgin sama

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti ne a jihar Bauchi. Duk wanda ya yi irin aikin nan a yankinmu ya san daga Disamba zuwa Maris ba mu da hutu, domin lokacin ne zazzaɓin Lassa yake tashe. Ɗiban jini da aika shi inda za a tabbatar da cutar, wannan mun saba. Fitar da samfur ƙasar waje ne ba mu taɓa yi ba. To sai ga wani aikin bincike da muka shiga ya buƙaci a tura wasu samfura da aka tabbatar suna ɗauke da ƙwayar Lassa zuwa wani ɗakin bincike a Turai. Takardu duk sun kammala: yarjejeniyar miƙa samfur tsakaninmu da su, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da izinin shigar da kayan daga ƙasar da za a kai. Da muka kira kamfanin dako, tambayarsu ɗaya ce, wa zai ɗaure kayan ya sa hannu, kuma ina satifiket ɗinsa? Mutum ɗaya ne a asibitin ya taɓa yin wannan horo, ya yi ritaya, satifiket ɗin ma ya daɗe da mutuwa. Shugaban sashenmu ya dube ni ya ce, "Malam, kai za ka je."

A Abuja aka yi horon. Na zaci zan tarar da ma'aikatan lafiya zalla, ashe mu ne 'yan tsiraru. Akwai ma'aikatan sashen kaya na kamfanonin jiragen sama, akwai ejan-ejan masu fiton kaya daga Kano da Legas, akwai mutanen kamfanonin mai. Kashin farko tare muka yi shi, daga baya aka raba mu, kowa ya bi ɓangaren aikinsa. Malamin ya ce tun daga 1 ga Janairun 2023 haka tsarin ya koma: ba a ba mutum horo na jimla kawai a sallame shi, sai an duba ainihin aikin da yake yi, a koya masa shi, a kuma gwada shi a gani ko ya iya.

Abin da aka fara warware mana shi ne inda dokar ta samo asali, domin da yawanmu mun ɗauka kamfanonin jirgi ne suke ƙirƙiro ta don su wahalar da mutane. Tushen yana Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda tun 1956 take fitar da kundin shawarwari kan safarar kaya masu haɗari, ana sabunta shi duk shekara biyu. Daga nan kowace hanya ta ɗebi nata. Ta teku akwai kundin IMDG. Ta mota akwai yarjejeniyar ADR, wadda Nijeriya ta shiga a 2018. Ta sama kuwa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal ce take fitar da ƙa'idojin, ƙarƙashin rataye na 18 na yarjejeniyar Chicago, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, kuma ta mayar da su dokar ƙasa a nan gida. Littafin da za ka gani a kan teburin kowane ma'aikacin kaya a filin jirgi shi ne na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, IATA, wanda ake kira DGR. Ya kwashe duk abin da ICAO ta ce, ya ƙara da nasa tsaurin, ya kuma jera ƙarin sharuɗɗan da kowace ƙasa da kowane kamfani suka gindaya. Shafinsa wajen dubu. Shuɗɗan shafuka su ne jerin sunayen kaya da lambobinsu, rawaya kuma umarnin ɗauri. Wanda ya iya kai-kawo tsakanin launukan nan biyu ya ci rabin jarrabawa.

An kasa kaya masu haɗari gida tara. Abubuwan fashewa ne na ɗaya, sai iskar gas, sai ruwa mai kamawa da wuta, har zuwa na tara, wanda yake tattara ragowar da ba su shiga ko'ina ba. Namu yana gida na shida, kashi na biyu, wato abubuwa masu ɗauke da ƙwayar cuta. A nan ne wani ejan da ke zaune kusa da ni ya yi tsit. Shekara da shekaru yana tura wa 'yan kasuwa turare da batiran cajin waya. Turaren da aka haɗa da sinadari mai kamawa da wuta gida na uku ne, lambarsa UN1266. Batirin lithiyam mai caji da ba ya cikin na'ura gida na tara ne, UN3480, kuma tun Afrilun 2016 an hana loda shi a matsayin kaya a jirgin fasinja. Ya ce, "Oga, ai kowa yana yi, ana rubuta kayan kwalliya ne kawai." Malamin bai yi masa faɗa ba. Ya ba mu labarin jirgin ValuJet da ya faɗi cikin fadamar Florida a Amurka ranar 11 ga Mayun 1996, mutum 110 suka mutu, saboda wasu gwangwanayen samar da iskar shaƙa da aka loda a matsayin fanko alhali ba fanko ba ne, suka kama da wuta a ɗakin kaya. Ya ƙara da jirgin kaya na UPS da ya faɗi a Dubai a Satumban 2010 bayan gobara ta tashi cikin lodin da ke ɗauke da batira, matuƙansa biyu suka rasu. Sannan ya ce da ejan ɗin, "Alhaji, a wannan harka wanda ya sa hannu shi doka take nema. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Da aka ware mu 'yan lafiya, sai aka shiga abin da na zo dominsa, wato tantance samfur. Wannan shi ne gindin aikin, duk sauran a kansa suke tsaye. Rukunin A shi ne abin da idan ya zube ya taɓa lafiyayyen mutum zai iya kashe shi, ko ya jefa rayuwarsa cikin haɗari, ko ya naƙasa shi har abada. Lambarsa UN2814 idan yana kama mutane, UN2900 idan dabbobi kaɗai yake kamawa. Mai ɗauke da cuta da bai kai wannan matsayi ba rukunin B ne, UN3373. Ƙasa da su akwai samfurin da da wuya a ce yana da wata cuta, kamar jinin da aka ɗiba don auna kitse, wannan sharuɗɗansa kaɗan ne. Ɗigon jinin da aka busar a kan takardar tacewa kuwa doka ba ta hau kansa ba.

Inda abin yake da daɗin karatu shi ne jerin ƙwayoyin rukunin A. Wasu an rubuta a gefensu cewa sai idan an rene su an hayayyafa su a ɗakin gwaji ne suke shiga rukunin. Ƙwayar tarin fuka haka take, da ta shan inna, da ta shawara, da ta ƙanjamau. Ke nan majinar mai tarin fuka da aka karɓa a asibiti rukunin B ce, amma da zarar an shuka ta ƙwayar ta tsiro, ta koma A. Lassa ba ta da wannan sassauci, haka Ebola da Marburg. Jinin mara lafiya kai tsaye daga jijiya rukunin A ne. Ko ba a tabbatar ba, muddin likita yana zargin ita ce, a matsayin A za a ɗaure shi. Wata 'yar'uwarmu a ajin ta tambaya ko ba a yi tsanani ba. Aka tuna mata yadda aka gano cutar. A 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Aka kai samfura Jami'ar Yale a Amurka, a can mai binciken, Jordi Casals, ya kamu ya sha da ƙyar, wani ma'aikacin ɗakin gwajin kuma ya mutu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa a Jos, ita ma ta rasu. Tun farkon tarihinta, cutar nan masu taɓa jini take bi.

Daga nan aka ajiye littafi aka kawo kwalaye. Ɗauri uku ake yi, irin yadda mai hankali yake ƙulla manja idan zai yi doguwar tafiya, leda cikin leda cikin bokiti. Na farko shi ne bututun da jinin yake ciki, mai murfin murɗawa, a naɗe bakinsa. Kowane bututu a naɗe shi daban don kada su goga juna. Sai a sa su cikin mazubi na biyu da ba ya yoyo, tare da auduga ko wani abin tsotse ruwa da zai iya shanye jinin duka idan kowane bututu ya fashe. Na uku shi ne kwali mai ƙarfi. Tsakanin na biyu da na uku ake sa takardar da ta lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Dole ɗaya daga cikin mazuban ciki ya jure bambancin matsin iska na kilofaskal 95, domin idan jirgi ya yi sama matsin iska yana raguwa, murfin da ya yi kamar ya rufu a ƙasa sai ya fara tsartuwa.

Bambancin A da B a wajen ɗauri yana ga kwalin. Na B ya isa idan zai jure faɗuwa daga tsayin mita 1.2. Na A sai wanda aka gwada nau'insa ta hanyar sako shi daga mita 9, aka kuma soke shi da sandar ƙarfe mai nauyin kilo 7, aka buga masa hatimin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke nuna gida na 6.2 da shekarar da aka ƙera shi. Saiti ne guda, ba a ɗauko mazubin wani kamfani a cusa a kwalin wani. Kular da muke sayowa a kasuwa, komai kyanta, ba ta shiga wannan lissafi. Akwai kuma iyakar yawa: a jirgin fasinja ƙunshi ɗaya na rukunin A ba ya wuce mililita 50 ko giram 50, a jirgin kaya zalla har lita 4 ko kilo 4. Sa shi a jakar hannu ko akwatin matafiyi haramun ne, ko da kuwa farfesa ne yake riƙe da jakar.

Busasshiyar ƙanƙara, wato iskar carbon dioxide da aka daskarar don riƙe sanyin samfur, ita ce ta ba ni mamaki, domin ban taɓa ɗaukar ta a matsayin abin tsoro ba. Ita kanta kaya ce mai haɗari, gida na tara, UN1845. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona hannu, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa. Idan aka rufe ta ruf cikin mazubin da iska ba ta fita, sai ya kumbura ya fashe. Idan ta taru a rufaffen wuri kuma tana iya sumar da mutum. Don haka ba a taɓa sa ta cikin mazubi na biyu, a kewayensa ake zuba ta, a bar wa kwalin waje hanyar numfashi, a rubuta nauyinta da kilo a jiki. Sai an kuma tokare mazubin ciki yadda ba zai riƙa gara-gara ba idan ƙanƙarar ta ƙare.

Jarrabawar da littafi a buɗe ake yin ta, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Kashi 80 cikin ɗari ake nema, lokaci kuma ba ya jira. A ba ka labari: ga bututu kaza na jinin wanda ake zargi da cuta kaza, za a kai gari kaza ta jirgin kamfani kaza, da ƙanƙara kilo kaza. Kai za ka fitar da rukuni, da lamba, da umarnin ɗauri, ka duba ko ƙasar ko kamfanin suna da ƙarin sharaɗi, ka cika fom. Bayan ta rubutu aka ba kowa kwali ya ɗaure a gaban malami. A ganina wannan gwaji na biyu shi ne na gaskiya. Na ga wanda ya ci ta rubutu da maki mai kyau, amma ya manna sitika ta lanƙwaso ta kan kusurwar kwali, aka ce ya sake. Da sakamako ya fito, satifiket ɗina ya nuna aikin da aka amince na yi da watan da zai mutu, wata 24 daga lokacin.

Na dawo Bauchi muka sa rana. A nan ne na ga ratar da ke tsakanin aji da fili. Kwalin rukunin A sai da aka yi odarsa daga waje. Ba kowane kamfanin jirgi ne yake karɓar UN2814 ba, wanda ya karɓa ma sai an yi magana da shi tun da wuri ya ware gurbi, kuma can inda za a sauke sai sun tabbatar akwai mai jiran kayan. Busasshiyar ƙanƙara ba a samun ta a garinmu, daga Abuja ta zo, kuma tun daga lokacin da aka auna ta take raguwa. Saboda haka komai daga baya ake lissafo shi: lokacin tashin jirgi, lokacin rufe karɓar kaya, awannin hanya, sannan a san ƙarfe nawa za a buɗe firiza. Mun kauce wa ƙarshen mako, don kada kayan su je su kwana a sito babu mai karɓa.

Ranar ɗauri mu biyu muka shiga da cikakkun kayan kariya, ɗaya yana ɗaurewa ɗaya yana karanto jerin matakai. Mun goge bayan mazubi na biyu da maganin kashe ƙwayar cuta kafin ya shiga kwali. A jikin kwalin muka rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, da lambar UN2814 tare da sunan kayan kamar yadda yake a shuɗɗan shafuka, da suna da lambar wayar wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ba a rubuta sunan cutar a jikin kwali, a takarda kaɗai yake fitowa. Sai farar sitika mai alamar ƙwayar cuta. Wannan kwali ya shiga wani babba mai riƙe sanyi inda ƙanƙarar take, a bayansa muka maimaita duk alamomin, muka ƙara sitikar gida na tara mai baƙaƙen layuka bakwai, da kalmar da ke nuna akwai wani ƙunshin a ciki.

Sai takardar shaidar mai aikawa, mai jajayen zane a gefe da gefe. Da Turanci ake cika ta, kofi biyu aƙalla, kowanne da sa hannu. Ba a goge kuskure da farin fenti, sai dai a ja layi a gyara a sake sa hannu a gefen gyaran, wasu kamfanonin ma ko hakan ba sa karɓa. A ƙasanta akwai jimlar da ke cewa na tabbatar an bayyana kayan daidai, an tantance su, an ɗaure su, an yi musu alama bisa doka. Na karanta wannan jimla a aji ban ji komai ba. Ranar da sunana ne zai zauna a ƙarƙashinta, sai da na sake bin kowane layi na takardar da yatsa.

Direbanmu dattijo ne, ya daɗe yana bin hanyar Jos zuwa Akwanga da Keffi. Na ce, "Baba, kwalin nan a bayan mota zai zauna a ɗaure, kada a ɗora masa komai. Ka bar gilashi a ɗan buɗe saboda iskar ƙanƙarar. Idan ka ga ya jiƙe ko ya fashe, kada ka taɓa, kada ka bari kowa ya matso, ka kira lambar nan." Ya ce, "To, Malam, idan masu shinge suka ce a buɗe fa?" Wannan tambayar ba ta cikin littafi. Muka ba shi wasiƙar asibiti mai hatimi da ke bayyana abin da ke ciki da dalilin da ya sa ba a buɗewa, ni kuma na bi motar. A wani shinge an tambaya, da jami'in ya karanta wasiƙar sai ya ja da baya ya ɗaga mana hannu.

A nan zan faɗi abin da yake damuna. Duk wannan tsauri a ƙofar filin jirgi yake farawa. Kafin nan fa? Na san wuraren da har gobe ake sa bututun jini a kula, a naɗe da salatif, a kai tasha a ba direban haya da sunan saƙo, ya cusa ƙarƙashin kujera kusa da buhun wani. Direban bai san abin da ya ɗauko ba, ɗan kamashon da ya loda bai sani ba. Ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a kan ɗauri uku a fili take, kuma mazubi na biyu da auduga ba su ne masu tsada ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa ya ce ba za a tafi da wannan a haka ba. A filin jirgi akwai shi, a tasha babu.

Na kuwa gan shi da idona a sashen kaya na filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Ma'aikaciyar karɓa ta fito da takardar bincike mai dogon jerin tambayoyi, kowace da e ko a'a, kuma a'a ɗaya ta isa a mayar da kaya. Ta duba lamba a takarda ta duba a kwali, ta duba nauyin ƙanƙara, ta juya kwalin ta kowane gefe tana neman huji ko danshi, ta nemi satifiket ɗina ta duba watan mutuwarsa. Ba ta buɗe ba, ba kuma za ta buɗe ba. Daga abin da na rubuta za a cika takardar da ake miƙa wa matuƙin jirgi kafin ya tashi, wadda ke gaya masa irin kayan haɗarin da ya ɗauko da inda aka ajiye su. Leburan da zai ɗaga kwalin, da matuƙin, da jami'in kwastan na can, babu wanda zai ga bututun nan. Abin da na rubuta kaɗai suke da shi. Ta gama ta sa hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, an karɓa."

Saƙo ya zo daga can cewa samfuran sun isa a daskare, da sauran ƙanƙara a kwalin. Kofin takardar yana fayil, doka ta ce a ajiye aƙalla wata uku, mu dai ba ma zubarwa. Sabunta horo kuma dole ne kafin wata 24 su cika. Idan aka yi shi cikin wata ukun ƙarshe, sabon wa'adin daga ranar mutuwar tsohon yake somawa, ba a yi asarar komai ba, amma idan aka bari ya mutu, hannunka ba ya aiki a kan wannan takarda sai ka koma aji. Littafin DGR kuwa kowace 1 ga Janairu sabon bugu yake fara aiki, kuma da dala ake sayensa. A kan kuɗinsa ne har yanzu muke ja-in-ja da ofishin akanta.